Jatan landen arlekin sun kusa cinye taurarin tekun da ke akwatina: me zan ba su a nan Maraɗi?

Sani_AliDanSofo:
Assalamu alaikum ƴan'uwa masu kiwon kifi na wannan zaure. Yayana da aiki ya kai ƙasar waje ya bar mini amanar akwatin gilashinsa na ruwan gishiri, mai ɗaukar kusan lita 300. A ciki akwai murjani masu laushi, da ƙananan kifaye, da jatan lande guda biyu, mace da namiji, irin waɗanda ake kira arlekin, farare masu manyan ɗigo na ja da shuɗi. Ya kawo su ne domin su rage wasu ƙananan taurarin teku, wato dabbobin ruwan nan masu hannuwa da siffar tauraro, da suka yi yawa suna manne wa gilashi da duwatsu, kuma sun yi aikin, har ta kai yanzu sai na duba da kyau kafin in ga tauraro ɗaya. Na ba su garin abincin kifi, na ba su tsokar kifin Madarunfa, na ba su naman jatan lande na kasuwa, amma ko kusa da shi ba su zuwa. Ina roƙon wanda ya san wannan dabba ya faɗa mini abin da zan ciyar da su, domin ba na so amanar da aka bar mini ta mutu a hannuna.

Malam_Habu_Kimiyya:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Kada ka ƙara wahalar da kanka da kifi ko garin abinci, domin ba rashin sabo ne ya hana su ci ba, haka Allah ya halicce su. Sunan wannan dabba a wurin masana shi ne Hymenocera picta, wanda masanin Amurka James Dana ya bayyana a 1852, kuma tana zaune a tekun Indiya da tekun Pasifik a tsakanin duwatsun murjani. Girmanta bai cika wuce santimita 5 ba. Abincinta tauraron teku ne, kuma kusan shi kaɗai. Idan su biyu suka ji ƙanshin tauraro, sai su haɗu su ɗaga hannunsa ɗaya, su yi ta turawa har su kifar da shi rigingine, sannan su ja shi zuwa maɓoyarsu. Daga nan sukan fara ci daga ƙarshen hannu suna matsowa tsakiya, suna tsinke ƙananan ƙafafun nan masu kama da bututu da tsokar da ke cikin hannun. Da yake ba su fara taɓa tsakiyar jikin ba, tauraron yakan daɗe da rai, abincin nasu kuma ba ya ruɓewa. Ƙananan da kake gani a gilashi su ne masu kiwo ke kira Asterina, kuma a wurin arlekin biyu ba su wuce lomar baki ba. Tambayar da ke gabanka ita ce inda za ka riƙa samun babban tauraro a kai a kai, kana zaune a ƙasar da ba ta da teku.

DanGulbi_227:
Malam Habu, Allah ya ƙara sani. Na taɓa ganin busassun taurarin teku ana sayar da su tare da kayan adon ɗaki. Idan aka jiƙa su cikin ruwan gishiri suka yi laushi, ba za su wadatar ba? Su kam ba su buƙatar sanyi a hanya.

Malam_Habu_Kimiyya:
A'a ɗan'uwa, kada a kusantar da su ga akwatin. Abin da ya rage a jikinsu ƙashi ne da fata, naman da jatan landen ke nema ya bushe tuntuni. Sau da yawa kuma an tsoma su cikin magani don kada su yi wari, wasu har fenti ake shafa musu, kuma ɗan kaɗan daga irin waɗannan sinadarai ya isa ya kashe duk wata dabba marar ƙashin baya da ke cikin ruwan, har da murjanin.

Abdul_Kwatano:
Ni ɗan Sabon Gari ne amma kasuwanci ya zaunar da ni Kwatano, kuma ina kiwon irin waɗannan jatan lande. Wanda yawancinmu muke saye shi ne tauraron da ake kira Protoreaster nodosus, mai launin ƙasa-ƙasa da baƙaƙen ƙusoshi a bayansa. Daga Indunusiya da Filifin ake shigo da shi, ya fi sauran araha, ya fi su juriyar tafiya, kuma yana da nama. A wurina matsakaici ɗaya yakan riƙe mace da namiji mako ɗaya zuwa biyu. Akwai shuɗin nan mai kyau, Linckia, wanda suke matuƙar so, amma ban ba ka shawarar sa ba: yana da tsada, kuma ɗan sauyin gishirin ruwa yana narkar da shi, ba lallai ya iso Maraɗi da rai ba. Abin da nake yi shi ne in ajiye taurari da dama a wani akwati daban, in yanke hannu ɗaya daga guda, in ba jatan landen, in mayar da shi ya warke, sati na gaba in ɗauki wani. Hannun yana sake tsirowa, sai dai yana ɗaukar watanni. Kuma ka kula, kada ka saki wannan tauraro ya yi yawo a babban akwatin, domin shi ma yana cin murjani masu laushi da sauran ƙananan halittun da ba su iya gudu.

Hajiya_Rabi_Zariya:
Malam Abdul, ka yi mini afuwa, amma wannan magana ta tsaya mini a rai. Ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, ina kiwon tantabaru da tumaki, ban kuwa taɓa jin kiwon da sai an yanki gaɓar wata dabba tana raye, a bar ta ta warke, a sake dawowa a yanka ba. Idan a teku jatan landen ya kama tauraro ya ci, wannan tsarin Ubangiji ne, babu hannun kowa. Amma a nan mu ne muka ɗauko shi daga inda abincinsa yake, muka tsare shi a gilashi don idonmu ya ji daɗi, sannan muka ɗauki wuƙa. Ina so malaman da ke cikin zauren nan su ce wani abu.

Ustaz_Lawali_Bagalam:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, tambayarki tana kan hanya. Ba fatawa zan bayar ba, zan dai tunatar da abin da muka sani duka. Ajiye dabba don sha'awa ba laifi ba ne, domin ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sani kuma bai hana ba. Amma akwai hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wannan yana kan Malam Sani kai tsaye: tun da dabbobin suna hannunsa, ciyar da su wajibi ne a kansa, ko kuma ya miƙa su ga wanda zai iya. Ta ɗaya gefen, an umarce mu da kyautatawa a cikin komai har a wajen yanka, an kuma hana mu azabtar da mai rai. Saboda haka zuciyata ta fi natsuwa da hanyar da za a kashe tauraron gaba ɗaya cikin sauri sannan a raba shi, a kan hanyar da za a riƙa gutsurar sa yana raye.

Malam_Habu_Kimiyya:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara abin da ilimin halittu ya tabbatar, don a yi hukunci a kan sani. Tauraron teku ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da jini irin namu, ruwan teku ne ke zagayawa a jikinsa yana motsa ƙafafunsa. Yana da zoben jijiya a kewayen bakinsa da jijiya ɗaya a kowane hannu. Da yawa daga cikinsu ma sukan yar da hannu da kansu idan maƙiyi ya kama su, su tsira da sauran jikin. Duk da haka yana jin taɓawa kuma yana gudun abin da ke cutar da shi, don haka ba zan ce damuwar Hajiya ba ta da tushe ba. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba game da hanyar Malam Abdul: tauraron da ake yanka yana buƙatar abinci mai kyau da ruwa mai tsabta kafin ya warke, idan ba haka ba wurin yankan yakan ruɓe ya ci sauran jikin. Wato mai wannan hanya akwati biyu yake kiwo, da wutarsu da gishirinsu da sanyinsu.

Abdul_Kwatano:
Hajiya, ban ji haushin maganarki ba ko kaɗan. Abin da ya sa na zaɓi wannan hanya shi ne lissafin rayuka. Wanda ke jefa tauraro sukutum duk bayan mako biyu zai kashe fiye da ashirin a shekara, kuma kowanne daga teku aka ɗebo shi, a ƙasashen da dama ake kwasar irinsa da yawa ana busarwa don kayan ado. Kuma wanda aka jefa sukutum ɗin ma kwanaki yake yi ana cin sa da ransa. Ni nawa ƴan kaɗan ne, suna nan suna ci suna yawo. Kowace hanya aka bi akwai abin da zai dami mai tausayi.

Mamman_Sola:
Ni aikina haɗa wutar hasken rana ne, kuma na haɗa wa wani mai irin wannan akwati a Yamai, shi ya sa nake bibiyar zancen. Shi abin da yake yi ya yi daidai da maganar Ustaz. Yakan sayi taurari lokaci guda, ya sa su a sashen ƙanƙara na firigo, ya yayyanka, sannan ya riƙa fito da gutsure ɗaya yana narkar da shi cikin ruwan akwatin kafin ya ba su. Amma Malam Sani, ka san halin wutarmu a watan Afrilu da Mayu. Naman tauraro idan ya narke ya sake daskarewa ya lalace, don haka sai firigon yana kan batir. Kuma tun da muna maganar zafi, me kake sanyaya ruwan da shi? Waɗannan halittu suna son digiri 24 zuwa 27, mu kuwa a bazara muna haura 40 a inuwa.

Sani_AliDanSofo:
Na gode Malam Mamman. Akwatin yana ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki, akwai kuma ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan, famfunan kuma Yaya ya ɗora su a kan batir tun kafin ya tafi. Firigon ne ba ya kai, amma wannan abu ne da za a iya gyarawa. Abin da nake so in sani shi ne ko tabbas za su ci daskararren.

Nana_Hadiza_UDDM:
Ba duka suke karɓa ba, Yaya Sani. Ni ɗaliba ce a sashen ilimin halittu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma masu kiwon da nake bibiya sun rabu biyu a kan wannan: wasu nasu suna ci nan take, wasu kuma sai sun ji yunwa, wasu ba su taɓa karɓa ba. Shawarata ita ce ka fara gwadawa tun ƙananan taurarin ba su ƙare ƙaf ba, don idan sun ƙi kana da sauran lokaci. Ka ba su ɗan gutsure, ka ajiye shi bakin maɓoyarsu, kuma abin da ba su cinye ba cikin yini ɗaya ka cire shi. Mataccen tauraro yana saurin ruɓewa, yana ƙara gubar amoniya a ruwa, kuma jikin taurarin teku yana ɗauke da sinadarin saponin, wanda yake da illa ga kifi idan ya taru a ruwa kaɗan.

DanGulbi_227:
To me zai hana a yi kiwon ƙananan nan Asterina a wani bokiti daban? Na ji Malam Sani ya ce da farko sun yi yawa har sun dami yayansa. Abin da ya yi yawa da kansa ai zai yi yawa idan aka kula da shi.

Nana_Hadiza_UDDM:
Tunanin yana da kyau, kuma gaskiya ne suna yaɗuwa ta hanyar rabewa gida biyu, kowane ɓangare ya tsiro abin da ya rasa, shi ya sa za ka ga hannuwansu ba su daidaita ba. Matsalar ita ce yawancinsu ba su fi santimita ɗaya ba, kuma saurin cin arlekin biyu ya fi saurin rabewarsu nesa ba kusa ba. Hujjar tana cikin akwatin Yaya Sani: taron da ya ɗauki lokaci mai tsawo yana taruwa ga shi ya kusa ƙarewa. Za su yi amfani a matsayin abin toshe giɓi idan kaya suka makara a hanya, amma ba za su zama abincin kullum ba.

Alhaji_Ilya_Transit:
Ni ban san kiwon ruwan gishiri ba, amma na san hanya. Abu mai rai daga Legas sai dai ya hau jirgi zuwa Kano, daga nan mota ta bi Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, ta shigo Maraɗi. Idan an tsara da direba amintacce, aka sa kayan a akwatin soso mai riƙe sanyi, aka taso da asuba, za a iya isowa a yini ɗaya. Amma ɗana Sani, ka tuna abin da ya faru a 2023 da aka rufe iyaka watanni. Mai shago yakan jira kayansa, dabba mai jin yunwa kuwa ba ta jira. Idan za ka riƙe su, ka tanadi abincin watanni a gida, kada ka dogara da cewa kowane mako mota za ta zo.

Abdul_Kwatano:
Gaskiyar Alhaji. Da hanyar Malanbil da Gaya, ta iyakar Benin da Nijar, tana tafiya yadda take kafin 2023, da ni da kaina zan riƙa aiko maka. Akwai kuma taurarin yashi da ke shiga tarun masunta a gaɓar nan tamu, waɗanda zubar da su ake yi. Wanda zai gwada su sai ya ware su a wani ruwa daban tukuna, domin ruwan da ke kusa da tashar jiragen ruwa ba shi da tsabta.

Issa_Tibiri:
Tun da an ce akwati na biyu ake buƙata, ina da tambaya. Gishirin da ake shigowa da shi yana da tsada, mu kuwa muna da gishirin Bilma a kasuwa. Ba zai yi wa akwatin ajiye taurarin ba?

Malam_Habu_Kimiyya:
Ba zai yi ba Malam Isa. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, amma ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai magineziyom da kalsiyom da sauransu a bisa wani ma'auni da ba ya sauyawa sosai. Tauraron teku ba ya iya daidaita gishirin jikinsa, abin da ke waje shi ke cikinsa, shi ya sa ko sabon da aka sayo sai an riƙa ɗiga masa ruwan akwatin a hankali na tsawon sa'a ɗaya ko fiye kafin a sake shi. Kuma Malam Sani, idan kifi ya yi ciwo kada ka zuba maganin da ke da jan ƙarfe a wannan akwati, yana kashe jatan lande da tauraro da murjani baki ɗaya.

Issa_Tibiri:
Na fahimta, na gode. To idan ya bayar da jatan lande ɗaya ya riƙe ɗaya, ai abincin ya ragu da rabi.

Nana_Hadiza_UDDM:
Ɗaya yana iya rayuwa shi kaɗai, amma ni ban so a raba su. Wannan dabba ta yi suna a wurin masu nazarin ɗabi'ar dabbobi saboda zaman mace ɗaya da namiji ɗaya. Masanan Jamus Wolfgang Wickler da Uta Seibt sun yi bincike a kanta a shekarun 1970, suka nuna cewa namijin yana gane macensa ta ƙanshi yana kuma tsaron ta, domin ba ta karɓar barbara sai jim kaɗan bayan ta yi saɓa, wato ta tuɓe tsohon ɓawonta. Kuma tare suke kifar da tauraron da ya ninka su girma. A tekun Panama har tauraron nan mai ƙaya da ke cinye murjani, Acanthaster, an ga suna far masa, kamar yadda Peter Glynn ya rubuta. Wahalar hanya da firigo kuwa ɗaya ce, ko jatan lande ɗaya ne ko biyu.

Hajiya_Rabi_Zariya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na gode wa Ustaz da Malam Habu. Har yanzu ina nan a kan ra'ayina cewa Maraɗi ba wurin wannan dabba ba ne. Motar da za ta kawo tauraro daga Kano ita ce za ta iya mayar da jatan landen Kano, su hau jirgi zuwa wurin mai kiwon da ke kusa da masu shigo da abincinsu. Tafiya ɗaya ce a madadin tafiyar da ba ta da ranar ƙarewa. Sani, ka gaya wa yayanka haka, riƙon amana ya haɗa da faɗa wa mai ita gaskiyar halin da take ciki.

Sani_AliDanSofo:
Hajiya, na yi magana da Yaya jiya da dare, na karanta masa saƙonki da na Alhaji. Ya ce a gwada daskararren tukuna, ya kuma haɗa ni da wanda yake saye a wurinsa a Legas, za a aiko da taurari masu baƙaƙen ƙusoshin nan da zarar sun shigo. Ya amince cewa idan suka ƙi ci, a nemi wanda zai karɓe su su biyun tare. Malam Mamman, zan neme ka a kan maganar firigo. Sai dai wani abu ya taso: tun shekaranjiya babbar, wadda ke da ɗigon launi a faifan ƙarƙashin cikinta, ta shige ƙarƙashin dutse ba ta fitowa, ƙaramin kuma yana tsaye a bakin ramin. Yunwa ce ta fara kama ta?

Abdul_Kwatano:
Wannan ita ce macen, kuma yadda ka kwatanta ya fi kama da saɓa. Sukan yi ta kusan duk bayan mako uku, su daina ci kafin ta, su ɓuya har sabon ɓawon ya yi ƙarfi. Kada ka ɗaga dutsen, kada kuma ka yi babban canjin ruwa a kwanakin nan. Ka duba da safe, idan ka ga fanko mai siffarta a kan yashi, ɓawon ne ba gawa ba. Ƴan Asterina da suka rage a gilashin baya ka tsince su da hannu ka ajiye su kusa da bakin ramin, domin za ta fito da yunwa. Ka kuma auna gishirin ruwan yau, fankar nan tana sa ruwa ya ƙafe da sauri, kuma abin da za ka cika da shi tataccen ruwa ne marar gishiri.

Mamman_Sola:
Malam Sani, ka turo mini hoton takardar da ke manne a bayan firigon da ta batiran, in ga ko za su ɗauki nauyinsa ko sai an ƙara.